Babi na Shida: Babbar Riga a Jikin Tedi

Kwana goman ƙarshe na azumi tela ba shi da lokacin shara. Wanda ya bi ta shagunan teloli a Jega a irin waɗannan ranaku zai tarar da ƙasa ta cika da ƙyallaye: guntun shadda, gefen atamfa mai ɗauke da sunan kamfani, zagayen wuyan kaftani da aka yanke aka jefar, ɗan kusurwar leshi. Mai kaya in ya zo karɓar ɗinkinsa yakan tambayi ragowar yadi, muddin ta kai a fitar da aljihu ko kallabin yarinya. Abin da bai kai tafin hannu biyu ba kuwa, mutum biyu ne kawai ke nemansa, mai cusa matashin kai da 'yan mata ƙanana. Na farkon da buhu yake zuwa, ya kwashe ba zaɓe. Su kuwa yaran sai sun zaɓa, kuma zaɓensu ya fi na uwar amarya a shagon atamfa tsanani.

"Kawu, ina wuni? A ba mu ƙyalle."

"Ku duba nan ƙasa. Kak ku taɓa na bisa tebur."

Haka abin yake a Aliero, haka yake a Maiyama da Andarai da Sambawa, duk inda keken ɗinki ke kuka. Ƙyallayen nan 'yar tsana za a kai wa.

Kafin ta roba ta shigo, 'yar tsanar wannan yanki ba a sayenta. Karan dawa ne a yanke gaɓa ɗaya ko biyu, ko ƙashin ƙafar ragon layya a wanke a shanya, ko yumɓun bakin gulbi a mulmula a busar. Ba hannu, ba ƙafa, sau da yawa ba ido ba baki. Gashinta baƙin zare ne, ko zaren buhu da aka warware aka yi wa kitso, kuma a Aliero, garin albasa, buhu ba ya wuyar samu. Duk abin da zai sa a kalli guntun kara a ce ga amarya, tufafi ne. Saboda haka yarinya mai irin wannan 'yar tsana dole ta zama tela, tana so ko ba ta so.

Da ɗauri ake farawa, babu allura. A naɗa ƙyalle a ƙugu ya zama zane, a ɗaura wani a ka, a goya mata ɗan guntun kara a baya. Daga nan wata yaya ta nuna mata yadda ake ninka ƙyalle biyu a yanke tsakiyar ninkin, kai ya shige, riga ta samu. Sai ranar da za ta lallaɓa ta zare allura daga gwangwanin inna. Wannan rana ba a manta ta, don yawanci da soke yatsa take ƙarewa, wani lokaci har da ranƙwashi. Abin da ke ingiza gwanintar gaba kuwa shi ne bikin 'yar tsana. In za a aurar da ita sai an haɗa lefe, a jera zannuwa cikin kwalin ashana ko gwangwanin madara, ƙawaye su zo gani, su ɗaga ɗaya bayan ɗaya, su yaba, su kushe, daidai yadda suka ga iyayensu mata na yi. Yarinyar da aka taɓa yi wa dariya don kalmasarta ta karkace ba ta bukatar malami ya gaya mata ta gyara. Wasa farin girki, in ji Hausawa, kuma telolin mata da yawa da ke karɓar kuɗin ɗinki a cikin gidajensu yau a nan suka fara riƙe allura.

Jega ba baƙuwar tufa ba ce. Garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa wajen 1820 a bakin Gulbin Zamfara ya bunƙasa cikin ƙarni na 19 har kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, mahaɗar fataken goro daga Gwanja, da masu gishiri, da masu dabbobi, da masu tufafi. Tufar wancan zamani masaƙi ne ke fitar da ita siririya, faɗinta 'yan yatsu, a jera gefe da gefe a ɗinke har ta kai faɗin zane ko riga. Audugar da mace ta kaɗa da mazari dare da rana ba abin da za a yanke a zubar ba ne. Shi ya sa yankan tufafin Hausa ya tashi a miƙe: babbar riga, 'yar shara, zane, duk murabba'ai ne da 'yan kusurwoyi da aka harhaɗa, ba lanƙwasa, ba ɓarna. Yankan da ke bin siffar jiki, mai zagayen hammata da matsin ƙugu, daga baya ya zo tare da yadin kamfani da keken Singer da Butterfly. Shi ne ke zubar da ƙyalle a ƙasa. 'Yar tsanar kakanninmu tsumman tsohon zane ta fi sani, ta jikokinsu ce ke sa sabuwar shadda ranar Sallah. A riƙe wannan batu na miƙaƙƙen yanka, za mu bukace shi.

Yanzu ga baƙo ya shigo wasan. Cikin dilolin gwanjo da ake kwancewa a kasuwanni, da cikin kayan wasan yara da ake kawowa daga Sin, akwai wata dabba mai laushi, mai ƙaton kai da tumbi da gajerun ƙafafu, wadda babu irinta a dajin Kabi ko na Zamfara. Yara na ce mata tedi. Ana rataye ta a shagunan kayan jarirai, ana ba da ita kyauta, kuma tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha a Aliero a 2006 aka samu ɗalibai daga ko'ina da suka saba da ita tun daga gida. Siffar dabbar beyar ce, kuma labarinta ya cancanci a tsaya a kansa kaɗan, don labarin mata masu ɗinki ne.

A watan Nuwamba na 1902 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya je farauta a jihar Misisipi bai samu komai ba. Jagoran farautar, Holt Collier, baƙar fata da aka haifa cikin bauta, ya ritsa wata beyar aka ɗaure ta a jikin itace, aka kira shugaba ya zo ya harbe. Ya ƙi, don a ganinsa wannan ba farauta ba ce. Ba a cika faɗin ƙarshen labarin ba: dabbar ta riga ta ji rauni, kuma shugaban ne ya ce a ƙarasa ta. Mai zane Clifford Berryman ya zana abin a jaridar Washington Post ranar 16 ga watan, labari ya bazu. Wasu mata da miji masu ɗan shagon alewa a Buruklin, Rose da Morris Michtom, suka ɗinka ɗan beyar na yadi suka ajiye a taga da laƙabin shugaban, Teddy. A daidai wannan lokaci kuma, ba tare da wani ya san da wani ba, ana ɗinka irinsa a garin Giengen na Jamus, a masana'antar Margarete Steiff. Shan inna ya kama ta tun tana jaririya, ta rayu a keken guragu, kuma da yake hannunta na dama ba shi da ƙarfi sai ta juya keken ɗinki tana sarrafa shi ta baya. A 1880 ta ɗinka wata 'yar giwa don soke allurai, yara suka mai da ita abin wasa, sana'a ta buɗe. Ɗan ɗan'uwanta Richard ya zana beyar mai hannu da ƙafa masu juyawa, aka kai shi baje kolin Leipzig a 1903, wani ɗan kasuwa daga Amurka ya yi odar 3,000. Zuwa 1907 kamfanin ya ɗinka kusan miliyan ɗaya a shekara guda.

Tun daga nan ake yi masa sutura, kuma ba kullum don ado ba. Da aka fara ɗinka beyar ɗin nan Paddington na littattafan yara a Ingila a 1972, mai ɗinkin, Shirley Clarkson, ta sa masa takalman ruwa ne don ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. A Amurka kuwa kamfanin Build-A-Bear, wanda Maxine Clark ta buɗe a 1997, ya gina kasuwancinsa a kan yaro ya zaɓi tedi sannan iyaye su yi ta sayen riguna da takalma.

Abin da ya sa nake ganin tedin gwanjo ya fi 'yar tsanar roba amfani a hannun yaranmu shi ne tsirara yake zuwa. Ta roba takan zo da rigarta ta Turai, wani lokaci ma a manne da gam, ba abin da ya rage wa yarinya sai kallo da taje gashi. Tedi kuwa ya mai da ita inda 'yar tsanar kara ta bar uwarta: in ana so ya yi Sallah, sai an ɗinka. Ga shi kuma ya jawo maza cikin wasan, don yaron da zai ji kunyar a gan shi da 'yar tsana ba ya jin kunyar yi wa tedi hula.

Sai dai jikinsa ba na mutum ba ne, kuma a nan ne aikin yake. A ɗauki mai tsawon inci 12. Kansa ya kai faɗin kafaɗunsa, ko ya fi. Ba shi da wuya. Tumbinsa in aka zagaya shi da tef yakan yi kusa da tsawonsa duka. Hannuwansa a buɗe suke, ƙafafunsa gajeru masu kauri, sau da yawa an ɗinka su a zaune, ga kuma ɗan wutsiya a baya. Wanda ya ce zai yanka masa kwat ko shat irin ta makaranta, mai hannu daban da kwala daban, zai sha wahala, in ya gama kuma rigar ta ƙi shiga. A nan miƙaƙƙen yankan nan na kakanni ke nuna kansa. Babbar riga ba ruwanta da ƙugu ko kafaɗa. An yi ta ne ta sauka a kan kowane irin jiki, ramamme da mai teɓa, kuma ban san wata sutura da ta karɓi tedi kamarta ba.

Yadda ake yi ba wuya. A buɗe hannuwansa a auna daga tafi zuwa tafi, a ƙara kaɗan, wannan shi ne faɗi. A auna daga kafaɗa zuwa idon sawu a ninka biyu, wannan shi ne tsawo. A yanke murabba'i ɗaya, a ninka shi biyu, a fitar da wuya a tsakiyar ninkin. Gefe da gefe ba a rufewa, ƙasa kawai ake haɗewa ɗan kaɗan, sauran a bar shi a buɗe a naɗe bisa kafaɗa yadda manya ke yi. Matsalar ɗaya ce, kai. In aka buɗa wuya har kai ya wuce, rigar za ta zame daga kafaɗa. Maganinsa a bar wuyan daidai, a tsaga bayan rigar daga wuya zuwa tsakiyar baya, a sa ɗan maɗauri. Wasu kuma ta ƙafa suke sa masa, su ja sama, in tumbin ya yarda. Aljihun gaba shi ke mai da ita babbar riga ta gaskiya, kuma a nan ne yarinya mai haƙuri za ta gwada aiki da zare. Aska takwas ba za ta samu wuri ba. Aska biyu, da zare falle ɗaya, ta isa.

Zaɓen ƙyalle ya fi yanka muhimmanci, kuma a nan ne manya ke faɗuwa yara su ci. Babba zai ɗauko shadda mai tsada, sabuwa, mai sitaci, yana ganin ya kyauta. Nauyin yadi tara ko goma ne ke sa shadda ta zubo a jikin mutum. Taƙi ɗaya ba shi da wannan nauyi, sai ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a sama, tedi ya ɓace a ciki. Dole a jiƙa shi a wanke sitacin, ko a nemi tsohuwar da ta sha wanki. Boyel da yadi mara kauri sun fi kwanciya. Atamfa kuma zanenta ne abin dubawa: furen da aka buga don ya cika gaban zanen mace, in aka yanko tafin hannu daga cikinsa ba fure za a gani ba, dabbare-dabbaren launi ne kawai. Sai a nemi mai ƙananan zane, ko a yanka yadda fure ɗaya zai zauna daidai a ƙirji. Gefen atamfa, wanda tela ke ƙyama saboda rubutu, yana da ranarsa a nan, don ba ya warwarewa. Wadda ta sa shi ya zama ƙasan zane ta huta da kalmasa.

Kalmasar ita ce abokiyar gaba. Ninki biyu da ake yi wa rigar mutum ba a jinsa, amma a rigar da ba ta wuce taƙi ba sai ya zama igiya mai tauri da ke ɗage bakin riga. Ninki ɗaya siriri ya isa, kuma abin da ake bari bayan layin ɗinki kada ya wuce rubu'in inci. A taƙaita tsawon taku, don takun da ya yi daidai a kaftani a nan tsalle ne. Wanda zai yi da keke ya san abu biyu. Na ɗaya, keke na haɗiye ƙaramin ƙyalle ta ramin allura, sai an shimfiɗa takarda a ƙarƙashi a ɗinke tare sannan a yage ta. Na biyu, hannun riga ko ƙafar wando in an riga an rufe su ba sa shiga ƙarƙashin ƙafar keke, don haka duk kalmasa da aikin wuya a gama su tun yadin na shimfiɗe, rufe gefe ya zo a ƙarshe. Tela da yawa sun san wannan a ka, amma sai sun gwada ƙaramin abu hannunsu ke koya.

Wando ma na gargajiya ne ke yi, mai zurfin tsakiya da yalwar gindi, a yi masa ƙubaka a zura zariya ko roba, a bar ɗan rami a baya wutsiya ta fito. In mace aka mai da tedin, aiki ya yi sauƙi: zane, riga mai faɗin wuya, kallabi. Hijabi zagaye ne da rami, sai dai ramin fuska ya fi yadda ake zato girma, saboda hancin da ya turo gaba.

Akwai abin da ba wasa ba a ciki. In a gidan akwai yaron da bai kai shekara uku ba, kada a sa botin ko dutsen ado ko tsakiya, don duk abin da ya ɓalle baki zai tafi, kuma kada zariya ta yi tsawon da za ta zagaya wuyan jariri. Idon tedin kansa a ja shi a gani ko ya yi sako-sako. Na gwanjo a wanke shi da sabulu a shanya a rana ya bushe har ciki kafin ya kwana kusa da yaro.

Wani zai ce, to hukuncinsa a addini fa? Tambayar tana nan a gidaje da yawa, kuma 'yar tsanar kara ba ta taɓa tayar da ita ba tunda ba ta da fuska. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Sun kuma ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz cewa sukan yi wa yara abin wasa na ulu don su shagala da shi ranar azumin Ashura. Alƙali Iyad, babban malamin Malikiyya, ya tafi a kan cewa an keɓe 'yan tsanar yara mata daga hanin surori saboda horon da ke cikinsu na reno da riƙon gida. Wasu malamai sun tsananta a kan mai cikakkiyar sura, shi ya sa a wasu gidaje za ka ga an cire idanun. Da Hukumar Hisba ta Kano ta hana teloli da masu shaguna baje kaya a jikin mutum-mutumi a 2021, zancen na tallan manya ne. Kowane gida na da malamin da yake tambaya, ni dai ɗinkin nake magana a kai.

Kada kuma a raina shi don ƙanƙanta. A 1945, bayan yaƙi ya bar Faris ba yadi, manyan gidajen ɗinkin birnin sun nuna sabbin samfuransu ne a jikin 'yan tsanar waya masu tsawon kusan santimita 70, da aljihu na gaske da ramin maɓalli na gaske, aka zagaya da su biranen Turai da Amurka. A nan gida, Haneefah Adam ta Ilori, wadda ta karanci ilimin magunguna, ta fara ɗinka wa 'yar tsanar Barbie dogayen riguna da hijabi a ƙarshen 2015 tana sa hotunan a Instagram da sunan Hijarbie, cikin 'yan watanni kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Sai a 2017 kamfanin Mattel ya sanar da Barbie ta farko mai hijabi. Kafin nan, a 2007, Taofick Okoya ya fara fitar da 'yan tsanar Queens of Africa a Legas cikin tufafin gida, har da wadda ke wakiltar Bahaushiya. Duk waɗannan siraran jiki ne irin na Barbie. Mai tumbin nan da ke cika dilar gwanjo, telan da zai tara ƙyallayen Sallah ya fitar masa da riga da wando da hula a ƙulle cikin leda ya kai kasuwar Jega, jarinsa zare ne da haƙuri.

Hular ce za ta ba shi aiki, don kunnuwan tedi a saman kai suke, daidai inda hula ke zama. Hanya uku na sani. A yi babba ta rufe kunnuwan, sai ta sauko ta rufe ido, tedin kuma ya daina kama da kansa. A yi ƙarama ta zauna tsakanin kunnuwa, sai an kafe ta da zare don ba abin da zai riƙe ta, kuma abin da aka kafe yaro ba zai iya cirewa ya sake sawa ba, alhali cirewa da sawar su ne wasan. Ta ukun ita ce a yi hula daidai kai, a tsaga ta gefe biyu kunnuwa su leƙo, su ne ma za su riƙe ta. Manya na cewa ba a taɓa ganin zanna bukar mai ƙofa biyu ba. Ni ita nake zaɓa, a yi ta da gefen tsohuwar hular da ta yage, a bi bakin tsagar da zare sau biyu don kada ta ci gaba da yagewa.